Kajina da ɗarin bana

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

To bismillah. Na ce bari in riƙa rubuta abin da ke faruwa da kajin nan ko don in baɗi ta zagayo in san inda na yi wauta, don ni dai ban taɓa kiwon ko fara ba balle kaza. Malamin makaranta ne ni, jogirafi nike koyarwa, iyakar sanina da kaza a soya a aje min gabana. Kuɗin ƙwai ne ya tura ni, yara uku kowa na son ƙwai da shayin safe, kiret kuma yanzu sai ka yi shawara da aljihu sau biyu kafin ka taya.

Inna ta aiko min da kaji biyar da zakara guda daga ƙauye, can wajen Wamakko, cikin kwando bisa kabu-kabu. Kafin magariba yara sun gama raɗa masu suna, akwai Wake-wake, akwai Durgu mai gajerun ƙafafu, da Baƙa, da Ja, sai Fingi wadda gashinta ke a hargitse kamar wadda ta tashi barci. Zakaran dai ba su ba shi suna ba, wai sai ya yi cara sun ji muryarshi.

Akurkin na bayan gidanmu nan unguwar Mabera cikin Sakkwato, jingine da katanga, bulo layi uku a ƙasa, sama raga, rufin tsohon kwano. Kuma ka ji abin kunya, sai yau da nike tsaye ina yaba aikin kafinta na lura fuskar akurkin arewa maso gabas take kallo. Ni da ke tsayawa gaban allo duk shekara ina gaya wa yara daga nan iskan hunturu ke busowa. An riga an yi, ba kuɗin rushewa.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Jaura ya fara taɓawa da asuba. Na sayo ma'aunin zafi ɗan ƙarami na rataye cikin akurki, yau da na dawo masallaci 18 ya nuna, da rana kuma ya haura 33. Wannan hawa da saukar ita ce ke ban tsoro fiye da ɗarin kanshi.

Na ɗaura zana biyu gefen da iska ke bugowa, na zuba ɓuntun shinkafa a ƙasa kamar kaurin tafin hannu a tsaye. Buhu biyu na samo wajen masu injin casa, kuɗin ɗauko shi ya fi kuɗinshi. Abinci kuwa dusa ce da ɗan tsakin dawa da ragowar tuwo, da rana su yi kiwo tsakar gida. Uku na ƙwai, yau biyu gobe uku, yara na ta murna.

Wani abokin aikina ya ja ra'ayina wai mu haɗa kuɗi mu yi odar kwali guda na 'yan tsakin Noila mu raba, 25 kowa. Irin nan ne da kamfanin Amo da ke Awe a jihar Oyo ya fitar, ana samun nama ana samun ƙwai, kuma suna iya kiwo kamar kajin gida in sun girma. Da na gaya wa Inna a waya sai tac ce: “Ɗiyan kaji cikin ɗari? Kai wa ya aike ka? Bari bazara ta wuce mana.” Nic ce Inna ai na zamani ne. Tac ce to Allah shi ba da sa'a, da irin muryar nan tata da na sani tun ina yaro.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Sun iso. Motar ta kwana hanya daga kudu, munka tarbe ta da hantsi, 'yan tsakin duk sun galabaita suna ta tsiwa. Na kai su ɗan sito da ke kusa da madafa, na kewaye da kwali, ƙasa ɓuntu sama tsohuwar jarida don kar su ci ɓuntun. Ruwa mai ɗumi da gulukos na fara ba su, na kama kowane na tsoma bakinshi, sai bayan kamar awa biyu na zuba sitata, abincin farko na 'yan tsaki. Buhu mai kilo 25 ya haura naira dubu 20, da na biya sai da na ɗan zauna bisa bencin mai shago.

Likitan dabbobi da wani maƙwabci ya haɗa ni da shi yac ce satin farko suna son zafi 32 zuwa 35, daga nan a riƙa rage kamar 3 duk sati har gashi ya rufe su. Wuta ba abin dogaro ba ce unguwarmu, don haka kasko da gawayi. Yac ce in bar kallon ma'auni kaɗai in kalli tsakin, in sun dunƙule wuri guda suna ƙara ɗari suke ji, in sun gudu bakin kwali suna haki zafi ya yi yawa, in sun watsu kowa na harkarshi to daidai ne. Wagga magana ta fi min duk bidiyon da na kalla a waya.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Innalillahi. Huɗu sun tafi dare guda, kuma ni na kashe su da hannuna, ba wani ba.

Jiya da dare iska ya taso sosai, na ji tausayinsu, sai na samu leda na toshe 'yar tagar siton, na cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa, na ƙara gawayi sabo wanda bai gama kamawa ba, na ja ƙofa na tafi na kwanta ina jin na yi dabara. Wajen ƙarfe uku uwargida ta tashe ni tac ce ita fa ba ta jin kukan tsakin nan. Ina buɗe ƙofa wani irin tururi ya bugi fuskata, kaina ya sara nan take, tsakin duk sun yi laƙwas, huɗu na kusa da kasko sun riga sun miƙe ƙafa. Munka kwashe sauran munka fito da su baranda, cikin ikon Allah sunka riƙa farfaɗowa ɗaya bayan ɗaya.

Da na kira Dakta da safe bai ko yi mamaki ba. Yac ce gawayi in yana ci cikin ɗaki rufe yana fitar da iskan guba da ba ya da wari ba ya da launi, shi ne dai wanda ke kashe mutane in sun kwana da garwashi ko janareto cikin ɗaki, kuma ɗan tsako jikinshi kaɗan ne ba ya jurewa. Yac ce, Malam, kai ma ka gode Allah ba ka kwana ciki ba. Daga yau a waje nike hura gawayin sai ya zama jan garwashi ba hayaƙi sannan in shigar, in rufa mashi toka kaɗan don ya daɗe, taga ta sama kuwa a buɗe take kwana ko da me ake ciki. Na ɗora kaskon bisa bulo na kewaye da raga, don ɓuntu busasshe da wanga iska, tartsatsi guda ya isa a yi gobara, kuma kowa ya san lokacin gobara ke nan a garin nan.

Saura 21.

Asabar, 7 ga Disamba

Rigakafi. Na ciwon kaji da ake kira Gumboro munka yi ranar Litinin, yau Lasota, wato na ciwon Niyukasal. Kwalba guda ta kaji 200 ce, ni ina da 21, kuma in an fasa ba a ajiyewa, shi ya sa munka haɗu mu huɗu masu 'yan kaji a unguwa munka saya tare, aka kawo cikin kula da ƙanƙara. Abin na da ƙa'ida fiye da yadda na zata. A janye masu ruwa kamar awa biyu su ji ƙishi, a samu ruwan rijiya ko na burtsatse wanda ba a sa wa sinadarin kulorin ba don yana kashe maganin, a ɗan zuba madarar gari, a buɗe kwalbar cikin ruwan, a ba su da sassafe cikin inuwa, su shanye kafin awa biyu. Abin da ya rage a haƙa rami a zuba.

Dakta yac ce in haɗa da manyan kajin Inna. Ban yi ba. Na ce a raina kajin Hausa da sunka saba da wahalar ƙauye me zai same su, ga shi kuma sun riga sun fice kiwo, kama su aiki ne. Na rubuta wannan nan ne don gaskiya.

Laraba, 11 ga Disamba

Biyu kuma. Barci ya sace ni, garwashi ya mutu wajen ƙarfe huɗu, sunka taru lungu guda sunka hau juna, na ƙasa sunka shaƙe. Na lanƙwasa kwalin ya zama da'ira yanzu ba lungu, na sa ƙararrawar waya ƙarfe ɗaya da ƙarfe huɗu. Uwargida tac ce ko jegon 'yar autarmu ban yi irin wannan tashin dare ba. Ban tanka ba, don gaskiya ta faɗa. Saura 19.

Lahadi, 15 ga Disamba

Wake-wake ta ɓace mana kwana biyu, ashe tana bayan buhunan gawayi cikin madafa ta tara ƙwai 11 ta hau kwanci, ina jin tun jiya ta zauna sosai. Na so in maida ta akurki, uwargida ta hana, tac ce inda ta zaɓa ta fi ka sanin dalili. Na bar ta, na aje mata ruwa da tsaki kusa.

Yau kuma na je wata kasuwar ƙauye rakiyar wani, na iske zakaru manya ana ba da su arha kamar an tsinto. Kirsimeti ya matso, kaji na tsada cikin gari, na yi lissafi nan take na sayi biyu in sayar ranar 23 ko 24 in ci riba in rage kuɗin sitata. Na kawo na jefa su cikin akurki da sauran. Ɗaya na ɗan yin gyangyaɗi, na ce gajiyar hanya ce.

Juma'a, 20 ga Disamba

Ba gajiyar hanya ba ce.

Zakaran nan mai gyangyaɗi ya mutu ranar Laraba, na biyun jiya. Yau da safe Baƙa ta ƙi fitowa, ta saki fukafukai, tana buɗe baki tana jan numfashi da wani ƙara kamar minshari, kashinta kore shar mai ruwa. Fingi ma ta takure. Ƙwai ya tsaya cak, guda da na samu ɓawonshi taushi kamar leda.

Na ɗauki Baƙa cikin kwali na kai wa Dakta bayan an sauko Juma'a. Yana gani yac ce alamu duk na Niyukasal ne, annobar nan da ke share kajin ƙauye duk hunturu, ya tambaye ni ko na shigo da baƙuwar kaza, na sunkuyar da kai. Yac ce daga kamuwa zuwa bayyana yawanci kwana biyar ko shida ne, ka lissafa da kanka. Kuma arhar da na gani ba arha ba ce, mutanen ƙauye in sun ga ciwo ya shigo gari sai su kwashi kajin su kai kasuwa kafin su mutu a hannunsu, ta haka ciwon ke tafiya gari gari. Ƙwayar cutar bairos ce, ba ta da magani, kafso mai ja da ruwan ɗorawa da kowa ke fasawa cikin ruwa ba ya taɓa ta, iyaka ya taimaka kan wasu cututtukan da ke biyo baya. Ya ba ni bitamin, yac ce in ware marasa lafiya, in binne matattu da zurfi ko in ƙone, kar in jefar bola kare ko shirwa su ja su kai gidan wani, kuma takalmin da na shiga akurki da shi kar ya taka siton tsaki.

Inna ta zo da kanta da yamma, ta taho da ɓawon maɗaci da jan barkono cikin ƙullin zane. Ta leƙa akurki ta daɗe ba ta ce komai ba, can tac ce: “Mi yas sa ka gama baƙin kaji da na gida? Ko mu can ƙauye sai mun ɗaure baƙuwa wuri dabam ta kwana biyu mun gani.” Ta jiƙa maɗacin ta zuba masu. Ban hana ta ba, ban kuma gaya mata abin da Dakta ya ce ba, na dai sa bitamin cikin wani kwano gefe. Ni a ganina maɗacin bai warkar da kowa ba, amma ba ni da bakin magana a wannan ranar.

Asabar, 28 ga Disamba

Ƙura ta lafa, ga abin da ya rage. Baƙa ta tafi, Fingi ta tafi, zakaran Inna ma ya tafi ranar Talata, har yau yara ba su ba shi suna ba. Ja ta tashi amma wuyanta ya karkace, in za ta ci tsaki sai ta yi ta saran gefe kafin ta dace, 'yata ta tsakiya ce ke zama tana ba ta a hannu. Durgu ko atishawa ba ta yi ba, ban san sirrinta ba. Wake-wake na madafa bisa ƙwanta, nisan da ta yi da akurki ne ya tsirar da ita ina ji.

Noila kuwa da sunka sha Lasota biyu kaɗai na rasa cikinsu, saura 17, kuma an sake masu Lasota ta biyu kamar yadda ke rubuce a takardar Dakta. Manya shida da ban yi wa rigakafi ba uku sun mutu ɗaya ta nakasa, ƙanana 19 da anka yi wa, biyu. Ba sai an kira malamin lissafi ba.

Na kwashe ɓuntun akurki duka na ƙone bayan gida, na wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, na yi farin ƙasa a bangon, na bar shi rana ta gasa. Ribar Kirsimeti kuma Allah ya jiƙan rai.

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Yau kam labari mai daɗi. Jiya da hantsi uwargida ta ji tsiwa cikin madafa, Wake-wake ta ƙyanƙyashe, kwana 21 cif. Takwas sun fito cikin 11. Da na fasa ukun da sunka rage, ɗaya ba komai ciki, biyu kuwa tsakin sun kai amma fatar cikin ƙwan ta bushe ta manne masu sun kasa fitowa. Inna tac ce bushewar hunturu ce, su can sukan sa kaza ta yi kwanci bisa ƙasa mai ɗan sanyi ko a aje kaskon ruwa kusa, ita kuma tawa bisa buhu ta yi kusa da murhu.

Na zauna na fi rabin awa ina kallonta. Asubar yau ma'auni 13 ya nuna, tsakin kwana ɗaya, ba kasko ba gawayi ba ƙararrawar waya, su fito su yi 'yan tsattsage-tsattsage minti kaɗan, ta yi wani ƙus-ƙus su ruga su shige ƙarƙashinta, sai kawunansu ka gani ta cikin fiffike. Ni na yi sati shida ina tashin dare na kashe shida kan ɗumi kawai.

Noila sun cika sati shida jiya, gashi ya rufe su, na maida su akurki na daina gawayi. Na koma ba su girowa, abincin kaji masu tasowa.

Lahadi, 12 ga Janairu

Wanga sati shi ne hunturu na gaske. Hazo ya rufe gari tun Talata, rana kamar farin faranti, in ka tsaya titin Mabera ba ka hango ƙarshenshi, leɓe ya tsage, kowa na tari. Ina gaya wa ɗalibai yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa can ƙasar Chadi, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, sai ga ta kwance cikin kwanon ruwan kajina, in na wanke da safe kafin azahar ya yi laka. Sau uku nike canza ruwa yanzu, na asuba in ɗan surka da na zafi don in ya yi sanyi ƙarara ba su sha sosai. Ma'auni ya sauka 11 ranar Alhamis, shi ne mafi ƙasa da na gani.

Kuma na kusa maimaita wautar Nuwamba. Ganin 11 ɗin nan na sa tamfol na naɗe akurki ruf har sama. Kwana biyu sai na ji suna atishawa, idanun wasu na ruwa, da na shiga da safe wani wari ya soki idona har da ƙwalla. Kashinsu ne da ruwan da ke zuba daga mazubi sunka jiƙa ɓuntu, ga numfashin kaji 19 cikin wuri rufe, kwanon rufi har ɗigar raɓa yake daga ciki, a garin da ko'ina ya bushe ƙamas. Dakta yac ce warin nan amoniya ne, yana ƙona masu hanyar numfashi, ga ƙura kuma, daga nan sai mura ta samu ƙofa. Yac ce babbar kaza mai cikakken gashi ɗarin Sakkwato ba ya kashe ta, jininta ya fi namu zafi, wajen 41 yake, akwai ƙasashen da ake kiwon kaji cikin ƙanƙara. Abin da ba ta so iska ya riƙa dukanta kai tsaye inda take kwana, da jiƙaƙƙen wuri.

To na yaye tamfol. Yadda na bar shi yanzu, gefen arewa da gabas zana biyu biyu tun daga ƙasa har kusa da rufi, na bar tazarar kamar taƙi guda a sama ko'ina iska na wucewa bisa kawunansu, gefen kudu kuwa buhu ne nike saukewa da magariba in naɗe da hantsi rana ta shiga. Na ɗora mazubin ruwa bisa bulo, na kwashe jiƙaƙƙen ɓuntu, sauran ina motsa shi da manjagara duk kwana biyu. Na gicciya masu katako mai faɗi su riƙa hawa, in sun kwanta sai su rufe ƙafafunsu da gashin ciki, jere kamar 'yan makarantar allo bakin wuta. Atishawa ta ragu cikin kwana uku.

Ci kuwa ya ƙaru, abin da ke kai su yini da yamma ya ƙare. Ina watsa masu ɗan tsakin masara gab da magariba su kwana da abu a maƙoƙo.

Lahadi, 26 ga Janairu

Durgu ta dawo da ƙwai amma jefi jefi, Ja kam shiru. Wani ɓangare ciwon da sunka sha ne, wani kuma gajartar rana. Wannan kam fagena ne, Sakkwato na kan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, cikin Disamba da Janairu hasken rana bai cika awa 11 da rabi ba, kaza mai ƙwai kuma ta fi son 14 zuwa 16. Na rataya ƙwan sola ɗan ƙarami yana ba su kamar awa biyu bayan magariba. Ina kuma gasa ɓawon ƙwai in daka in zuba masu, an ce in ba a daka ba suna koyon fasa nasu.

Ƙuma ta ɓulla, na gan su baƙi baƙi manne kewayen idon Durgu da tsefenta. Na shafa mata man basilin, na cika tsohuwar tayar mota da toka da yashi na aje inda rana ke bugu, yini suke suna birgima ciki.

Shirwa ta ɗauke ɗan Wake-wake guda ranar Laraba, gaban idon yarona, ya bi ta da jifa har bakin titi yana kuka. Saura bakwai. Na kifa masu babban kwando da rana yanzu. An ɗiga masu rigakafin Niyukasal a ido, su da uwarsu da Durgu da Ja, irin wanda ake kira I-2 na cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, shi ya fi jure zafi bai cika lalacewa da wuri ba in ba firij. Digo guda kowace kaza. Wannan karon ni na riƙa bin su da gudu tsakar gida ina kamawa, ba wanda ya roƙe ni.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Sati 12 cif. Ɗari ya karye, asuba 19, azahar 36, na cire zana ɗaya ɗaya na naɗe na ɗora bisa rufin sito. Noila 17 ɗin tara zakaru ne takwas mata. Na aro sikelin mai shagon unguwa, babban cikinsu ya kusa kilo 2, ƙaramin bai kai ɗaya da rabi ba, shi ne wanda ya fi shan hayaƙin nan tun yana ɗan kwana biyar, ko kuma dai ni ke ganin haka.

Na zauna da biro. Buhu uku na abinci sun shige, na huɗu ya yi rabi, ban da dusa, gawayi buhu biyu, rigakafi, bitamin, zana, tamfol da bai yi amfani ba, da zakarun nan biyu na asara. In na sayar da zakaru bakwai zan maida kuɗin abinci da ƙyar, sauran kuwa sai matan sun fara ƙwai, an ce wajen wata biyar, wato cikin Afrilu. Uwargida ta leƙo takardar tac ce ƙwan da munka ci tun Nuwamba kowane ya tashi kuɗin kaza guda. Na ce ta bari sai Afrilu mu yi magana.

Abokin aikina da munka raba kwali da shi 22 gare shi har yanzu. Da na tambaye shi sirri yac ce shi bai sayi zakarun arha ba, kuma tagarshi ba ta da murfi tun asali, ya so ya toshe bai samu leda ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Azumi saura kwana biyu ko uku, ana jiran sanarwar fadar Sarkin Musulmi. Na sayar da zakaru shida, maƙwabta sunka saye tun kafin in kai kasuwa, na bar biyu na sallah, ɗaya kuma mai jan wuya na bar wa matan. 'Yan Wake-wake bakwai na nan sun yi gashi, ta fara korarsu tana saransu in sun matso, jiya kuma na iske ta tana leƙen bayan buhunan gawayi.

Inna ta kira da safe tana tambayar Ja, nic ce tana nan da karkataccen wuyanta har ta yi ƙwai biyu wanga sati. Tac ce to madalla, sai ka shirya ma bazara, ɗari wasa na, zahin Sakkwato shi ka kashe kaza tsaye. Ma'auni ya nuna 38 da azahar yau, na ga Noila sun buɗe baki sun saki fukafukai suna haki ƙarƙashin kwano. Gobe in Allah ya kai mu zan sauko da zanar nan da na naɗe in shimfiɗa bisa rufin akurki, in kuma nemo randa ƙarama ta ruwansu.